Za mu tafi aikin Hajji, wa zan bar wa ɗan karen gidanmu?

Wannan saƙon wata baiwar Allah ce ta turo min daga Birnin Kebbi, ta roƙi a ɓoye sunanta, na ɗan taƙaita shi:

"Anti barka da ƙoƙari. Dan Allah kar ki min dariya don duk wanda na gaya ma matsalar ga sai ya yi dariya. Ni da maigidana Allah ya ba mu kujerar Hajji bana, saura kamar sati shida a fara jigila. Muna da wani ɗan kare ƙarami irin mai gashin nan da ake ce ma Lhasa, shekararsa biyu, bai wuce kilo shida ba. Maigida ne ya kawo shi tun yana kwikwiyo bayan ɓarayi sun haura mana katanga, kuma wallahi yana aikinsa, ko kyanwa ta gitta sai ya tada gida. Yara za su koma Argungu wurin kakarsu, ita kuma Hajiya ta ce kare ba zai taka mata gida ba. Maigida ya ce a ɗaure shi a bayan gida a cika roba da ruwa a zuba abinci da yawa almajirinmu ya riƙa leƙawa, ko a kai shi gona wajen Kalgo a sake shi cikin karnukan can. Muna da mai gadi amma tsoron karen yake ji. Raina ya ƙi kwanciya, ya zan yi?"

Ƙanwata, Allah ya sa Hajji karɓaɓɓe, ya kai ku lafiya ya dawo mana da ku lafiya. Ba zan miki dariya ba, rashin kwanciyar ran nan naki shi ne daidai, don rai ne a hannunki. Kin san hadisin matar nan da ta kulle kyanwa ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema da kanta ba har ta mutu, aka ce ta shiga wuta a dalilinta. Kin kuma san na mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare da ƙishirwa ta sa yana haki, Allah ya gafarta masa. Duk biyun suna cikin Bukhari da Muslim. To wanda zai kashe miliyoyi ya tafi Arfa neman gafara bai kamata ya bar irin labarin farkon a bayan gidansa ba. Zancen halaccin ajiye kare a gida kuwa na malamai ne, sun yi bayani kan na farauta da na kiwo da na gona, da yawansu kuma sun haɗa da na gadi in akwai buƙata, ku tambayi malaminku. Amma dai yau karen na nan, ku kuka kawo shi, haƙƙinsa na wuyanku.

Shawarar maigida ta farko, wato a ɗaure shi da robar ruwa, dan Allah ki roƙe shi ya janye ta. Ni na ga ƙarshen irin wannan da idona. Shekarun baya aka mana rasuwa a Yauri muka tashi a gaggauce da niyyar kwana uku, muka ɗaure karenmu a gindin dalbejiya muka ce wa mutanen gida su kula da shi, "mutanen gida" fa, ba mu kama sunan kowa ba. Kwana ukun nan ya koma tara. Kowa a gidan ya ɗauka wani ne ke ba shi ruwa, shi kuma wajen zagaye-zagayen neman mu igiya ta nannaɗe a jikin itacen ta gajarce, ya kifar da robar, inuwa ta matsa ta bar shi a rana. Ranar da muka dawo yana da sauran numfashi amma bai kai washegari ba. Har yau in na tuna sai na yi istigfari, don laifin namu ne ba na mutanen gidan ba, mu ne ba mu damƙa amanar a hannun mutum ɗaya ba.

Kuma ki duba lokacin da za ku tafi. Kin san zafin Kebbi daga Afrilu zuwa Mayu har farkon Yuni, sama da digiri 40 ba abin mamaki ba ne a wurinmu. Kare ba ya gumi a jiki irin namu, da haki yake fitar da zafi, shi ya sa kike ganin harshe waje. Shi kuma Lhasa asalinsa daga Tibet ne, ƙasar duwatsu da sanyi, ga gashi kamar bargo ga ɗan gajeren hanci, zafin da karen ƙauye zai shanye shi sai ya kayar da shi. Mai kilo shida irin naki a rana ta yau da kullum yana shan abin da ya kusa leda ɗaya ta fiya wata, in ana zafi ya fi haka, kuma ruwan da aka ajiye a roba a rana kwana biyu ya zama kamar na wanka ga gansakuka ga ƙasa. Abinci kuwa in aka tara masa ko dai ya cinye a zama biyu cikinsa ya ɓaci, ko ya lalace ƙuda da kiyashi da ɓera su gaje shi.

Almajirin ma ki cire shi daga lissafi, ba don ba shi da kirki ba. Yaro ne, yana da karatu yana da neman abin da zai ci, kuma da ruwa ya sauka da yawansu gida suke komawa noma, wasu su tafi Sallah. In wani abu ya sami karen kuma shi za a hau da faɗa alhali an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, in karen ya cije shi kina Makka wa zai kai shi asibiti? Zalunci biyu ke nan.

Gona kuma ni a ganina ta fi ta farkon muni, sai dai ba a gani da ido. Karen da ya tashi a tsakar gida ana zuba masa a kwano bai san neman abinci ba, bai san maciji ba, manyan karnukan gona a dare ɗaya za su yaga shi, galibinsu kuma ba a taɓa musu allurar haukan kare ba. In ya tsira daga su zai kama hanya neman gida mota ko mashin ya take shi, ko wani ya ɗauke ya sayar don irin waɗannan suna kuɗi.

Hajiya kuwa ku ƙyale ta, gidanta ne, tana da gaskiyarta, ya isa ma ta riƙe muku jikoki sama da wata guda. Kar ma ki sake tada zancen.

To me za a yi? Mutum ɗaya, babba, wanda ya amsa da bakinsa, aka yanka masa lada aka kuma gwada shi tun kuna nan. Duk sauran abin da zan faɗa a kan wannan ya ginu. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kare in aka ce na kowa da kowa ne to ba na kowa ba ne.

Kuma ya fi kyau karen ya zauna a gidansa mutumin ya riƙa zuwa, ko kuma dama yana gidan. Ya san lungunansa ya san inuwarsa, gidan da aka bari ba kowa ma ai lokacin ne ya fi buƙatar mai haushi. Shi ya sa zan ce ki fara da mai gadinku kafin ki duba waje. Kin ce tsoro yake ji, to sai a gano wane irin tsoro ne. Maigida ya zauna da shi su biyu ya tambaye shi a mutunce, Malam tsoron cizo kake ko ƙyamar najasa ce? In na cizo ne yana da magani, sati shida ya isa su saba, tun daga gobe shi zai riƙa ajiye kwanon abincin kina tsaye a gefe, ba hararar ido cikin ido ba ɗaga murya ba miƙa hannu ta saman kai, kare hannun da ke ba shi abinci yake bi, cikin kwana goma za ki ga yana masa wasa da wutsiya. In kuma zancen tsarki ne, a mazhabar Malikiyya da galibinmu muke bi kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sa baki ce ake wankewa sau bakwai, kuma aikin nan ba ya buƙatar rungumar kare, kwanonsa daban, tsintsiyarsa daban, a saya masa safar hannu da takalmin roba. Amma in ya ce shi fa zuciyarsa ba ta so, kar a tilasta masa don yana cin albashinku. Zai ce to don kunya, kuna hawa jirgi a Ambursa shikenan. Sannan a tambaye shi ƙarara, za ka je gida Sallah? In zai je, kwana nawa, wa zai tsaya? Wannan tambayar ita ake mantawa.

In mai gadi bai yiwu ba sai ki duba cikin unguwa ko abokan aikin maigida wanda shi ma yake ajiye kare kuma kika ga nasa a ƙoshe da tsabta, don yadda mutum ya riƙe nasa haka zai riƙe naki. Ki kuma tambayi likitan dabbobi, wasunsu suna karɓar ajiya ko su haɗa ki da ma'aikacinsu da zai riƙa zuwa safe da yamma ana biyansa. In wurin ajiya ne ki je da ƙafarki ki gani, kejin a inuwa yake ko ƙarƙashin kwano, ana haɗa shi da marasa lafiya ko a'a, wa ke kwana a wurin. Maharba sun san kare ba shakka, amma nasu rainon na karen daji ne, bai dace da wannan ɗan mitsitsin ba.

Ko wa kika samu, a yi gwaji. Ku kai yara Argungu ku kwana ɗaya ko biyu a can ku bar masa karen kamar da gaske, in kun dawo kwanon ruwa da bayan gida kawai za ki duba, za su gaya miki komai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai likita, kuma wannan satin nan za ki yi shi ba jajibirin tafiya ba. Ki kai shi asibitin dabbobi nan Birnin Kebbi da katinsa in yana da shi. Abu na farko allurar haukan kare, a nan ƙasar duk shekara ake sabuntawa, har Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana haɗa ta, kuma allurar tana ɗaukar makonni kafin ta kama jiki in karo na farko ne, shi ya sa nake ce miki yanzu. Ba don karen kaɗai ba, don mutumin da za ki bar wa ne da yaran maƙwabta, cutar nan in alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Ki gaya wa mai kulawar da bakinki ki kuma rubuta masa, in tsautsayi ya sa karen ya ciji wani ko ya yakushe shi har jini, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a wuce asibiti ranar, kar a tsaya jiƙe-jiƙe, shi kuma karen kar a kashe shi a killace shi kwana 10 likita na dubawa. Sai maganin tsutsar ciki, sai na kaska don kuna can damina za ta sauka kaska ta yi yawa, tana shan jini tana kuma sa musu zazzaɓi. Akwai ƙwaya da likita ke bayarwa, wata na aiki wata guda wata har sati 12, ki nemi wadda za ta rufe tafiyar gaba ɗaya don kar wani ya ce zai taimaka ya fesa masa fiya-fiya ko maganin wankan shanu ko ya shafa masa baƙin mai, an kashe karnuka da yawa da wannan taimakon. A rage masa gashin ma amma kar a aske ƙwal, rana na ƙona fatar. Ki karɓi lambar likitan ki gaya masa za ki yi tafiya ga wanda zai kira shi, in abu ya fi ƙarfin nan akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Wurin zamansa kuma ba igiya. A ware masa wani yanki na tsakar gida ko baranda da ke da inuwa tun safe har yamma, ki tsaya da kanki ki duba da ƙarfe biyu na rana don inuwar safe yaudara ce. Kwanon ruwa biyu masu nauyi a wuri biyu, in ya kifar da ɗaya akwai ɗaya, ƙaramar tukunyar ƙasa mai faɗin baki ta fi roba don tana riƙe sanyi. Siminti ko intalok in kika ɗora bayan hannunki kika kasa jurewa to shi ma tafin ƙafarsa ƙonewa yake. A toshe ƙasan get da duk wata kafa da zai iya kurɗawa, don ranar da aka yi tsawa ta farkon damina tsoro zai sa ya nemi hanyar gudu, ya zama yana da ɗan lungu mai rufi da zai ɓuya. Maganin ɓera da na ƙwari da kuke shirin zubawa kafin ku rufe ɗakuna, kar ko ɗaya ya kasance inda zai kai. Ki koya wa mai kulawar alamun bugun zafi, haki ba tsayawa, yawu na dalala, harshe ya yi jawur, tafiya na tangaɗi ko amai, in ya ga haka ya kai shi inuwa ya jiƙa masa jiki da ruwa mai sanyi musamman ciki da ƙafafu ya yi masa fifita ya kira likita nan take.

Abinci sau biyu a rana, safe da bayan la'asar. In na gida kuka saba ba shi to ba mai girki in kun tafi, firij kuma ba abin dogaro ba ne da wutar nan tamu, gara ki sayi busasshen abincin karnuka na buhu. Amma kar a sauya masa rana ɗaya zai yi zawo, ki riƙa cakuɗawa da wanda ya saba kina ƙara sabon kaɗan-kaɗan har sati guda. Ki auna na kowace rana ki ƙulla a leda ki zuba a bokiti mai murfi, ta haka ba a cika masa ba a kuma rage masa. Ki ƙara na sati biyu a kan lissafinki, kin san jirgin dawowar alhazai ba shi da tabbas.

Ranar da ta fi ba ni tsoro a duk tafiyar nan ita ce Babbar Sallah. Nama ko'ina, kowa na jin tausayi, a tara masa kitse da ƙashi da ragowar soye a ce shi ma ya yi Sallah. Kitse mai yawa na kumbura musu wani sashe na ciki su yi ta amai har ya kai ga halaka, ƙananan karnuka kuma sun fi saurin kamuwa, dafaffen ƙashi musamman na kaza da ƙayar kifi suna tsagewa su soki hanji, albasa da tafarnuwa da ke cikin miya da yaji suna lalata musu jini. Haka cakulan da inabi da goro, kar yara su ba shi. In ana so ya ci Sallah, ɗan jan nama dafaffe ba gishiri ba yaji kamar yanka biyu ya wadatar. Kuma ko mai kulawar ya ga karen ba shi da lafiya kar ya ba shi Panadol ko wani maganin ciwon jikin mutane. Ranar ce kuma yara masu yawon Sallah ke shiga su bar get a buɗe, a kulle shi ciki har dare.

Kwana ɗaya ko biyun farko zai iya ƙin cin abinci ya kwanta bakin ƙofa yana kuka, kewa ce, ki bar masa tsohon zanenki da ba a wanke ba a makwancinsa yana jin ƙanshinki. In ya wuce kwana biyu bai ci ba, ko ya daina shan ruwa, ko ana ganin jini a kashinsa, wannan ba kewa ba ce a kira likita.

Bayan mai kulawa ki naɗa wakili, ƙaninki ko ƙanin maigida, wanda zai riƙa leƙowa ba sanarwa sau biyu a sati, kuɗin likita na hannunsa, kuma kun ba shi izinin yanke shawara ba sai an same ku ba. Kwanakin Mina da Arfa da Muzdalifa waya ba lallai ta shiga ba, ke ma ba ki je can don ki riƙa bin labarin kare ba. Sauran ranakun a sa wa mai kulawar data ya riƙa turo ɗan gajeren bidiyo ta WhatsApp bayan kwana biyu-biyu, a ga karen a tsaye a ga kwanon ruwa, ki tuna Saudiyya na gabanmu da awa biyu. Ladansa kuma daban da albashi, a faɗi adadin tun yanzu gaban wakili, rabi kafin tafiya rabi in an dawo, ki kuma sa shi cikin masu tsaraba tun a lissafin farko.

Maigida kuma kar ki je masa da "shawararka ba ta yi ba". Shi ya kawo karen don ya kare iyalinsa, hidimar tafiya ce ta masa yawa yake neman mafita mai sauƙi. Ki bari ya ci abinci ya huta ki ce Alhaji akwai abin da ke damuna kan amanar nan, ina tsoron mu je neman lada mu bar alhaki a gida, ga abin da na lissafa ga abin da zai ci. In ya ga kin riga kin yi tunanin wa da nawa da yaushe, da wuya ya ƙi, duka-duka kuɗin ba zai kai na jakar tsaraba ɗaya ba.

Yau da dare a yi magana da mai gadi, gobe ko jibi a kai shi wurin likita. In mai gadin ya ce a'a ki sake rubuto min da wuri mu duba wata hanyar tun da sauran lokaci. Allah ya sa ku je a sa'a, ki sa ni a addu'a in kin ga Ka'aba.